Tambayi Likita: An ce ruwa ne a kan ɗana, yanzu kuma an ce jini ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Cikina sati 32 ne a lissafin asibiti, kuma cikin fari ne. Da na yi sikanin a sati 20 an ce komai lafiya. Satin da ya wuce aka sake yi don a duba kwanciyar yaro, sai mai hoton ya yi shiru, ya daɗe a kan kai, sannan ya ce ya ga wani ƙullin ruwa a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Aka tura ni wajen wata likita. Ta danna wani abu, sai wurin ya cika da ja da shuɗi, ta ce ba ruwa ba ne, jijiyar jini ce ta kumbura, ta rubuta mini sunan Galen a takarda. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Me ya sa ba a gani ba a hoton farko? Wani abu na ci ko na sha? Zai rayu kuwa? Daga wata mai juna biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba ki juriya, ya raba ku lafiya. Bari in fara cire miki abin da na san shi ya fi hana ki barci: babu abin da kika ci, ko kika sha, ko kika ɗauka da ya jawo wannan. Matsalar tana ƙulluwa ne tsakanin sati na 6 da na 11 na ciki, lokacin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke tsirowa, lokacin da mata da yawa ba su ma gama tabbatar da suna da ciki ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne haihuwa ɗaya cikin 25,000, saboda haka akwai likitocin da za su gama aikinsu ba su taɓa cin karo da ita ba.

Ga abin da ke faruwa. Jini yana fita daga zuciya da ƙarfi ta jijiyoyi masu kai jini, sai ya ratsa wasu siraran jijiyoyi da ido ba ya gani, a nan ƙarfinsa ke karyewa, a nan kuma yake ciyar da jiki, sannan ya shiga jijiyoyi masu dawo da jini a hankali. A cikin kan ɗanki, wasu jijiyoyi masu kai jini sun buɗe kai tsaye cikin wata jijiya mai dawo da jini, ba tare da sun bi ta siraran ba. Tamkar a cusa bakin famfo mai ƙarfi cikin tiyo mai laushi ne, dole tiyon ya buɗe ya kumbura. Jijiyar da ta kumbura ta wucin gadi ce, da ma ya kamata ta ɓace tun farkon ciki ta bar wa jijiyar Galen, wadda ke dawo da jini daga tsakiyar ƙwaƙwalwa, wuri, amma ƙarfin jinin da ke kwarara cikinta ya hana ta rufewa. Galen ɗin kuwa tsohon likitan Girka ne na ƙarni na 2, wanda littattafan tibbu na Larabci ke kira Jalinus.

Kada ki ga laifin hoton sati 20. A lokacin kumburin bai kai a gan shi ba. Yana girma ne tare da yawan jinin yaro, shi ya sa mafi yawansu sai a watanni ukun ƙarshe ake gano su. Mai hoton da ya tsaya ya daɗe a kan kai a satin da ya wuce, alhali kwanciya kawai aka ce ya duba, ya yi miki babban alheri.

Ja da shuɗin da kika gani shi ne muke kira Dofla, daga sunan Christian Doppler, masanin ƙasar Ostiriya da ya bayyana a 1842 cewa igiyar haske ko sauti tana canzawa idan abin da take fitowa daga gare shi yana matsowa ko yana nisa. Na'urarmu tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi ƙwayoyin jini ya dawo. Idan jinin yana tahowa wajen na'urar sai ta nuna ja, idan yana tafiya sai ta nuna shuɗi. Launin ba ya nufin jini mai kyau ko marar kyau, alkibla kawai yake nunawa. A hoton baƙi da fari, ruwa da jini duk baƙi suke fitowa, ba za ki raba su ba. Ƙullin ruwa na gaskiya ko an kunna launi yana nan baƙi ƙirin, amma wannan jijiyar nan take take cika da launuka a cakuɗe saboda jinin yana juyi a ciki. Shi ya sa nake nanata wa duk wanda ke koyon hoton ciki a hannuna cewa kowane baƙin wuri a kan ɗan tayi sai an ɗora masa launi kafin a rubuta masa suna. Aikin bai kai minti ɗaya ba, kuma shi ne bambanci tsakanin a ce wa uwa ta koma gida da a fara shirya mata haihuwa ta musamman.

Yanzu da aka gano, idona a matsayin likita zai fi komawa kan zuciyar yaron, ba kan kumburin kaɗai ba. Jinin da ya sami hanya mai sauƙi yakan bi ta, ya koma zuciya da yawa kuma da sauri, zuciyar ta sake tura shi, ya sake dawowa. Aikin yana yi mata yawa. Zuciyar ɗan tayi mai lafiya tana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na filin ƙirji. Za a riƙa auna ko ta wuce haka, ko ƙofar ɓangaren dama tana yoyo, ko jijiyoyin wuya sun buɗe, ko ruwa ya fara taruwa a ciki da ƙirji da ƙarƙashin fata. Abu na biyu shi ne ita ƙwaƙwalwar: shin jinin da ya kamata ya ciyar da ita yana isarta, ko gajeriyar hanyar tana ɗauke shi? A nan hoton MRI, wato wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ya fi sikanin gani, ba shi da illa ga ciki a wannan matakin, kuma idan aka ce ki yi, ki yi. Waɗannan biyun, zuciya da ƙwaƙwalwa, su ne ke faɗa mana yadda yaron zai kasance, fiye da girman kumburin da ya tsorata ki a allo.

Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne wannan. Muddin yaron yana cikinki, mabiyiya tana kare shi. Ita ma hanya ce mai sauƙi ga jini, tana jan kaso mai yawa, sai nauyin da ke kan zuciya ya rabu. Da zarar an haife shi an yanke cibiya, wannan kariyar ta tafi, jini mai yawa ya karkata zuwa jijiyar kai. Yaron da ya fito yana kuka lafiya zai iya fara numfashi da sauri cikin awoyi ko 'yan kwanaki, ya kasa kama nono, hantarsa ta kumbura. Idan ba a san da matsalar ba, sai a yi ta neman ciwon zuciya ko na huhu, lokaci yana tafiya, kafin wani ya tuna ya ɗora abin sauraro a maɗigarsa ya ji ƙarar jini. Ke an ɗauke miki wannan laluben. Amfanin ganowa tun a ciki ke nan: a zaɓi inda za ki haihu tun kafin naƙuda ta zaɓa miki.

Don haka ki je wajen likitarki tare da maigidanki, ku yi mata tambayoyin nan kai tsaye. Asibitin da zan haihu yana da sashen kula da jarirai masu tsananin rashin lafiya? Akwai likitan zuciyar yara da zai duba shi a ranar farko? Idan ya buƙaci a toshe jijiyar, ina ake yi, kuma an sanar da su tun yanzu? Idan amsar ita ce sai wani wuri, gara ki tafi can da cikinki, domin ɗaukar jariri a cikin uwarsa ya fi ɗaukarsa a mota yana fama da numfashi. Kada kuma ki matsa a ciro shi da wuri. Rashin cika wata ƙarin nauyi ne a kan zuciya da huhun da ke da aiki a gabansu. Ita kanta matsalar ba ta wajabta a yi miki aiki ba, likitocinki za su yanke wannan bisa yanayin zuciyarsa da girman kansa.

Maganin ba buɗe kai ake yi ba. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cibiya ko ta cinya, a bi da shi har cikin kai ana kallo a allo, a toshe wuraren haɗuwar da wani irin gam na asibiti ko ƙananan zaren ƙarfe masu naɗewa. Sau da yawa ba a gamawa a zama ɗaya. Idan magunguna sun riƙe zuciyar, an fi so a jira ya kai wata 4 zuwa 5, lokacin jijiyoyinsa sun ƙara ƙwari. Idan zuciyar ta kasa, ana shiga a kwanakin farko.

Kin tambaye ni ko zai rayu, ba zan kauce miki ba. Farfesa Pierre Lasjaunias na asibitin Bicêtre a Faransa, wanda ya fi kowa aiki a kan wannan cuta a zamaninsa, ya wallafa sakamakon yara fiye da 200 da aka yi wa wannan toshewar a 2006. Kusan ɗaya cikin goma ya rasu, kuma cikin waɗanda suka rayu kusan uku cikin huɗu sun taso da ƙwaƙwalwa lafiya. Amma a cikin jariran da dole aka yi musu aikin tun suna sabbin haihuwa, kusan rabi ba su rayu ba. Yaran da aka ga ruwa ya taru a jikinsu ko ƙwaƙwalwarsu ta taɓu tun a ciki su ne suka fi shiga haɗari. Ki nemi likitarki ta gaya miki a fili a wane rukuni take ganin naki, haƙƙinki ne ki sani.

Wataƙila wani zai kawo miki labarin aikin da aka yi a birnin Boston na Amurka a watan Maris na 2023, inda aka toshe irin wannan jijiyar tun jaririya tana ciki a sati 34, ta hanyar allurar da aka bi da ita ta cikin uwar ana kallo da sikanin. Gaskiya ne, kuma ya faranta mini rai ƙwarai. Sai dai a cikin gwajin bincike aka yi shi, ga yaran da aka tantance, don haka kada ki ɗora shirinki a kai. Abu na ƙarshe: mafi yawan lokuta wannan ba gado ba ne, amma akwai 'yan iyalai da ke ɗauke da sauyi a ƙwayoyin gado biyu, RASA1 da EPHB4. Idan a danginki ko na maigidanki akwai masu ƙananan jajayen tabo da yawa a fata tun haihuwa, ki faɗa wa likita. Kuma duk ranar da kika ji motsinsa ya ragu, kada ki jira ranar awo.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. A sikanin na wata biyar an ce igiyar cibiyar 'yata jijiya biyu gare ta maimakon uku, an ce in riƙa dawowa hoto. Surukata ta ce yawan hoton nan yana dafa yaro. Ina cikin ruɗani. Daga wata uwa mai 'ya'ya biyu.

AMSA: Barka kadai, Malama. Ki kwantar da hankalinki. Igiyar cibiya takan zo da jijiya uku: babba ɗaya mai kawo jini daga mabiyiya, ƙanana biyu masu mayarwa. A kusan ciki ɗaya cikin 100 zuwa 200, ɗaya daga ƙananan ba ta nan, kuma an fi gani a tagwaye. Muna tabbatarwa ta hanyar kunna launi a gefen mafitsarar yaro, inda ya kamata a ga jijiya ɗaya ta kowane ɓangare. Wadda ta rage takan ƙara faɗi ta ɗauki aikin biyu.

Abin da ya sa ba ma wucewa haka kawai shi ne wani lokaci tana zuwa tare da matsala a zuciya ko ƙoda. Idan an duba waɗannan da kyau ba a ga komai ba, mafi yawan yaran lafiya lau ake haifarsu. Dawowar da aka ce ki yi don auna girma ne, domin wasunsu sukan yi jinkirin girma a ƙarshen ciki.

Ki gaya wa Mama, cikin ladabi, cewa damuwarta ta ƙauna ce, amma sikanin sauti ne, ba irin hasken hoton ƙashi ba ne. Tun 1958 da Farfesa Ian Donald ya wallafa aikinsa a Glasgow ake amfani da shi, ba a kuma tabbatar da ya cutar da jariri a irin ƙarfin da ake amfani da shi a asibiti ba. Dofla yana da ƙarfi fiye da hoton baƙi da fari, shi ya sa muke taƙaita shi zuwa 'yan mintuna a watanni ukun farko. Hoton da likita ya nema saboda dalili, ki yi shi. Wanda ake yi don sha'awar kallon fuska kawai ne ba na goyon baya.

TAMBAYA: Likita, matata ta yi sikanin sau huɗu, kowane lokaci a ce lafiya. Aka haifi yarinya da jan tabo ya rufe goshi da fatar ido ta hagu. Wasu sun ce tawadar Allah ce a bar ta. Ni kuwa raina ya ɓaci, ina ganin masu hoton sun yi sakaci. Daga wani magidanci.

AMSA: Malam, Allah ya raya ta. Na fahimci ɓacin ranka, amma a wannan karon masu hoton ba su yi sakaci ba. Sikanin yana ganin siffa da kauri da gudun jini, ba ya ganin launin fata. Irin tabon da ka kwatanta shimfiɗe yake, siraran jijiyoyi ne da suka buɗe a cikin fata, ba su da tudu, jininsu kuma a hankali yake tafiya. Babu na'urar hoton ciki da za ta nuna shi.

Sai dai ban yarda a bar ta haka ba, saboda wurin da tabon yake. Idan ya shafi goshi da fatar ido ta sama, wani kaso na yaran suna da irin waɗannan jijiyoyin a cikin ido ko a saman ƙwaƙwalwa, abin da ake kira ciwon Sturge-Weber. A cikin ido yana iya ɗaga matsin ruwan ido ya lalata gani a ɓoye, a ƙwaƙwalwa kuma yana iya kawo farfaɗiya. Ka kai ta wajen likitan ido a auna matsin idonta tun yanzu, a kuma ci gaba da aunawa, likitan yara kuma ya san da ita. Idan ka ga hannu ko ƙafa ɗaya yana fizga, ko ta ƙafe ido, a tafi asibiti nan take. An gano a 2013 cewa sauyi ne a ƙwayar gado mai suna GNAQ, wanda ke faruwa a wani yanki na jikin yaron bayan an ɗauki ciki. Ba daga wajenka ba ne, ba daga wajen mahaifiyarta ba. Tabon ba ya ɓacewa da kansa, amma hasken leza yana rage shi, an kuma fi samun sakamako idan an fara da ƙuruciya. Kada a tsaga shi, kada a shafa masa wani abu mai zafi.

Don amfanin sauran masu karatu, akwai wani jan kumburi daban da kan fito bayan haihuwa da sati ɗaya zuwa 'yan makonni, ya yi tudu ya girma da sauri, sannan ya riƙa motsewa cikin shekaru. Shi ma ba a ganinsa a ciki, don lokacin bai fito ba. Tun 2008, da likitoci a Bordeaux ta Faransa suka lura maganin zuciya mai suna propranolol yana motsar da shi, wanda ya tare ido ko hanyar numfashi ya sami magani mai sauƙi. Waɗanda muke iya gani tun a ciki su ne masu jiki: curin jijiyoyi da ya gama girma kafin haihuwa, a wuya ko kai ko hanta, da kumburi mai aljihunan ruwa a wuya ko hammata, da ƙafa ɗaya da ta fi 'yar uwarta kauri sosai. Na wuya yana da muhimmanci musamman, domin idan ya danne maƙogwaro, ana shirya haihuwar ta yadda za a sa wa jariri bututun numfashi kafin a yanke cibiya.

TAMBAYA: Likita, ni ungozoma ce, ba mu da na'ura mai launi a inda nake aiki. Wace mace ce lallai in tura ta a yi mata? Daga wata abokiyar aiki.

AMSA: Sista, sannu da ƙoƙari. Duk wadda rahotonta ya ambaci ƙullin ruwa a kan yaro, ko zuciya mai girma, ko ruwa a jikinsa, ko ruwan mahaifa da ya yi yawa ba dalili, ko curi a mabiyiya da ya wuce santimita 4 zuwa 5, ki tura ta. Amma wadda na fi so ki sa wa ido ita ce mai haɗarin jijiyoyin yaro su gitta bakin mahaifa. Wani lokaci igiyar cibiya ba ta shiga tsakiyar mabiyiya, sai jijiyoyinta su bi ta cikin fatar faya tsirara, ba abin da ya lulluɓe su. Idan suka ratsa ta bakin mahaifa, ranar da faya ta fashe suna iya yagewa, kuma jinin da zai zubo na yaron ne. Jaririn kilo 3 duk jininsa bai wuce mililita 300 ba, cikin mintuna yake ƙarewa.

Ana samun haka a kusan ciki ɗaya cikin 2,500. Wani bincike da aka wallafa a 2004 a kan mata 155 ya nuna kashi 97 cikin 100 na jariran sun rayu idan an gano tun a ciki, kashi 44 kacal idan ba a gano ba. Na daɗe ina cewa a fanninmu da wuya a sami hoto ɗaya da ke ceton rai irin wannan.

Ki tura wadda aka ce mabiyiyarta ta yi ƙasa a sati 20, ko da daga baya an ce ta hau, da wadda mabiyiyarta ta rabu biyu ko take da ɗan reshe, da wadda aka ce cibiya ta shiga ta gefe, da mai cikin da aka dasa a asibiti, da mai tagwaye. Ki rubuta a takardar cewa a duba bakin mahaifa da launi, ta gaba, domin hoton saman ciki yana iya rasa su. Idan an tabbatar, ana yi mata allurar ƙarfafa huhun yaro, a yi mata aiki tsakanin sati 34 da 37 kafin naƙuda ta fara, kuma kada kowa ya fasa mata faya da hannu.